Sam Garba Okoye: Tauraron kakar 1972 da Arewa ta manta da shi

A gidajen kallon ƙwallo na Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, inda samari ke taruwa da yamma bayan an taso daga gona, ba a rasa wanda zai jero zakarun gasar Firimiyar Ingila na shekara goma ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kaɗan ne kuwa za su iya faɗin ƙungiyar da ta fara lashe gasar lig ta Najeriya. Daga Arewa take, sunanta Mighty Jets ta Jos, shekarar kuwa 1972. Tauraronta shi ne marigayi Samuel Garba Okoye, wanda 'yan kallo suka fi sani da Sam Garba.

An haife shi a shekarar 1947, ya kuma tashi a Jos, garin da haƙar kuza ya tara wa jama'a daga ko'ina. Hausawa da Ibo da Yarabawa sun zo neman abinci, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. Sunansa ma shaida ne a kan irin wannan zama: Samuel na Kirista, Garba na Hausawa, Okoye na Ibo.

Tun yana ɗalibi aka gane gwanintarsa wajen yanka da raba ƙwallo. A tsakiyar shekarun 1960 aka ɗauke shi cikin tawagar ɗaliban sakandare ta ƙasa, wadda ake kira Academicals, tare da wasu 'yan Jos irin su Isma'ila Mabo da Peter Anieke da Tony Igwe. Wannan tawaga ta je har birnin Accra ta doke takwararta ta Ghana da ci ɗaya da nema. Ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin Ghana ce ta ɗauki kofin nahiyar Afirka a 1963 da 1965, kuma 'yan wasan Najeriya sun saba dawowa daga can da kunya.

Rigar ƙasa a tsakiyar yaƙi

Ba a daɗe da wannan murna ba ƙasa ta rikice. A watannin Satumba da Oktoba na 1966 aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Jos da Kano, wasu da yawa kuma suka tsere zuwa Gabas. A watan Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke.

Ana tsakiyar wannan yaƙi Najeriya ta tura 'yan ƙwallonta gasar Olamfik ta Meziko a 1968, karon farko a tarihinta. Sam Garba yana cikin tawagar, haka ma Anieke da Igwe. A wasan farko da Japan a birnin Puebla, Najeriya ta sha kashi da ci 3-1, inda Kunishige Kamamoto ya ci wa Japan duka ukun. Ƙwallo ɗayan da Najeriya ta samu, wadda ita ce ta farko da ƙasar ta taɓa ci a Olamfik, Sam Garba ne ya zura ta. Wato matashi mai suna Okoye ne ya buɗe wa Najeriya wannan babi, a daidai lokacin da ake gwabza yaƙi kan ko masu irin sunansa za su ci gaba da zama 'yan Najeriya. Tawagar ta rufe gasar da canjaras 3-3 da Brazil.

Kakar 1972

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shiga aikin sasantawa da sake gina ƙasa. Kafin wannan lokaci babbar gasar da ta haɗa ƙasa baki ɗaya ita ce Challenge Cup, wadda ake yi bisa tsarin sili ɗaya ƙwale. A 1972 aka ƙaddamar da gasar lig ta ƙasa da ƙungiyoyi shida.

Mighty Jets, wadda ɗan kasuwa Alhaji Isyaku Ibrahim ya kafa, tana cikinsu. A shekarun nan ƙungiyar ta tara Mabo da Baba Otu Mohammed da 'ya'yan gidan Atuegbu, Musulmi da Kirista, Sam Garba kuma shi ne mai tsara wasa. Su suka ɗaga kofin farko.

Sai dai abin da dattawa suka fi tunawa a wannan shekara shi ne wasan ƙarshe na Challenge Cup da Bendel Insurance ta Benin, a filin Onikan da ke Legas. Bendel tana gaba da ci biyu, lokaci ya kusa cika, sai Sam Garba ya farke duka biyun a mintunan ƙarshe. Aka tashi 2-2, aka mayar da wasan filin Liberty na Ibadan, inda Bendel ta yi nasara da ci 3-2. A 1974 Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Enugu ta doke ta. Kofin bai je Jos ba sai a 1999, a hannun Plateau United. Kambin lig kuwa sai da garin ya jira shekara 45, zuwa 2017.

Sam Garba bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya rasu a hatsarin mota a yankin Lafiya cikin watan Yulin 1978, yana da shekara 30. A wannan shekarar ce Raccah Rovers ta Kano ta lashe lig, ta zama ƙungiya ta biyu daga Arewa da ta yi hakan. Ita ma Kano sai bayan shekara 30 ta sake ganin kambin, lokacin da Kano Pillars ta ɗauka a 2008.

Garin da ya bari

Shekara guda bayan rasuwarsa, kundin tsarin mulkin 1979 ya shigo da tsarin raba muƙamai tsakanin jihohi, ya kuma ɗaura zama ɗan jiha a kan asalin iyaye da kakanni. Daga nan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin samun aikin gwamnati da tallafin karatu. A Jos, gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ta tsananta bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, ta kuma kai ga zubar da jini a 1994 da 2001 da 2008 da 2010. Unguwannin da suka haifar da Mighty Jets sun rabu bisa addini.

Matsalar ba ta tsaya a Filato ba. A Kano ma akwai waɗanda aka haifa a Sabon Gari, iyayensu ma nan aka haife su, amma idan sun nemi takardar sai a tura su garin kakanninsu. Yaron da aka haifa yau da suna irin na Samuel Garba Okoye zai iya ci wa Najeriya ƙwallo, a yi masa tafi daga Jos har Ɗambatta. Ranar da ya shiga sakatariyar ƙaramar hukumar da aka haife shi neman takardar asali, sunansa na ƙarshe za a fara dubawa.