SARDAUNA DA AMANAR JAMA'ATU NASRIL ISLAM

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, yawancinmu mun san Sir Ahmadu Bello a matsayin Firimiyan Arewa. Yau ina so mu tuna shi a matsayin mai hidimar ƙungiyar addini.

An haife shi a Rabah ta ƙasar Sakkwato, daga zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya yi karatun allo, ya shiga Kwalejin Katsina ya gama a 1931, ya koyar a Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah Ya ba Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi Sardauna. A 1954 ya zama Firimiya, a 1955 ya sauke farali.

A 1962, a Kaduna, shi da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da wasu manyan ma'aikata suka kafa Jama'atu Nasril Islam domin haɗa kan Musulmi, da ilimi, da wa'azi. A shekarar ce aka kafa Rabiɗa a Makka, ya zama mataimakin shugabanta. Da wannan matsayi ya riƙa nemo wa ƙungiyar tallafi daga ƙasashen Larabawa. Makarantar Sheikh Sabah ta Kaduna, wadda yanzu ake kira da sunan Sardauna, da gudummawar Kuwait aka gina ta.

To, ga inda darasin yake. Bai mayar da ƙungiyar kayan gidansa ba. Ya jawo sarakuna da malamai irin su Waziri Junaidu, ya sa kowa ya ji tasa ce. Shi ya sa da sojoji suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu ranar 15 ga Janairun 1966, cikin Ramadan, bai daɗe da dawowa daga Umra ba, ƙungiyar ba ta bi shi kabari ba. Sarkin Musulmi Abubakar, wanda suka nemi sarauta tare, ya riƙe ta har ya rasu a 1988. Gumi ya cika a 1992, Waziri Junaidu a 1997. Duk sun tafi, Jama'atu tana nan, 'yan agajinta muna ganinsu a filin Idi.

Mu kuma fa a nan Bici da ƙauyukanmu? Islamiyya nawa ce ta rufe saboda Alhajin da ke biyan malamai ya rasu? Fili nawa aka bayar wakafi da baki, babu takarda, yau magada suna rigima a kansa? Wani ya ba da gona, wani ya ɗauki yashi a kansa, wata ta sayar da akuyarta aka yi rufi, amma ɗalibai ko sunansu ba su sani ba. Wallahi wannan butulci ne.

Kowane kwamiti ya rubuta sunayen magabatansa, a riƙa yi musu addu'a, a leƙa marayunsu. Wakafi a rubuta shi da shaidu. Kada a bar nauyin makaranta a wuyan mutum ɗaya, domin sadakarsu mai gudana a hannunmu take.

Allah Ya jiƙan Sardauna da duk waɗanda suka yi wa addini hidima, Ya kyauta namu ƙarshen. Amin.