Sarkin Haɗeja Buhari, Wanda Ya Juya Wa Sakkwato Baya

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, wannan makon mun ɗauko muku tarihin Sarkin Haɗeja Muhammadu Buhari. Kada wani ɗan aji ɗaya ya rikice, ba tsohon Shugaban Ƙasa muke nufi ba. Wannan Buharin ya rasu tun 1863.

Buhari ɗa ne ga Sarki Sambo, wanda ya kafa mulkin Fulani a birnin Haɗeja a zamanin jihadi. Da tsufa ya kama Sambo sai ya sauka a 1845. 'Ya'yansa biyu, Garko da Abdulƙadir, suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya daɗe. Sambo ya fi son wani ɗansa mai suna Ahmadu ya gaje su. Buhari kuwa yana da jarumai a bayansa, don haka bai tsaya jiran kowa ba, ya hau gadon a 1848.

Bai jima da hawa ba ya sa aka kashe ɗan uwansa Nalara, Sarkin Auyo. A lokacin duk sarakunan daular suna ƙarƙashin Sarkin Musulmi ne, kuma irin wannan kisa ba abin da za a kawar da kai ba ne. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya turo Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo zuwa Katagum don a tuhumi Buhari. Buhari ya je, amma da runduna ya je, kuma bai miƙa wuya ba. A 1850 aka tuɓe shi, aka naɗa Ahmadu.

Wani da ya haƙura. Buhari sai ya nufi ƙasar Machina, ya nemi goyon bayan Shehun Borno Umar, wanda dama ba ya ga maciji da Sakkwato. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa yankin a 1851, ya kuma rubuta yadda ake ta zancen shirin da Buhari ke yi. A shekarar ya dawo ya ƙwace garinsa, aka kashe Ahmadu.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne Gamon Kaffur, wajen 1853. Sakkwato ta sa aka tara mayaƙa daga masarautu da dama, Galadiman Kano Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano, yana cikin manyan jagororinsu. Sun fi Haɗejawa yawa nesa ba kusa ba. Amma mutanen Buhari sun san ƙasarsu, suka afka musu ba zato a kusa da ƙauyen Kaffur, taron ya watse, kowa ya yi ta kansa. Daga ranar har ƙarshen rayuwarsa, Sakkwato ba ta sake iya tanƙwara shi ba. Ya kuma ci Marma ya haɗe ta da ƙasar Haɗeja.

Yawancinmu a nan muke tsayawa idan ana hirar Buhari, domin labarin yana da daɗin ji ga ɗan Haɗeja. Sai dai rundunar da ta yi wannan nasara da ganima ake riƙe ta, ganimar kuwa daga ƙauyuka take fitowa. Shekara da shekaru mahayansa suna kai hari gabashin ƙasar Kano da ƙasar Katagum, suna kwashe dabbobi da hatsi, suna kama mutane bayi, da yawansu kuma Musulmi ne. Manomi ko masunci a bakin kogi bai san rigimar sarauta ba, amma shi ya biya kuɗinta. A ganinmu, wanda zai ba da labarin Kaffur ya kamata ya ba da na waɗannan ƙauyuka ma. Wasu cikin abokan karatunmu daga can kakanninsu suka fito.

A fagen yaƙi ya ƙare. A 1863 ya kai wa Badawa hari a Gorgoram, garin da ke cikin Jihar Yobe a yau, a can aka kashe shi. Ɗansa Umaru ya gaje shi da taimakon manyan bayin fada irin su Sarkin Arewa Tatagana, Haɗeja kuma ta koma yi wa Sarkin Musulmi biyayya.