Abubakar Imam: Ɗan Kagara da ya ƙera wa malaman makaranta kayan aiki

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya bi ta Buruku, ya ratsa Birnin Gwari da gefen Dajin Kamuku, ya wuce Pandogari, kafin ya kai Tegina sai ya yada zango a Kagara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ga matasan yau, da an ambaci Kagara abin da ke faɗo musu a rai shi ne ranar 17 ga Fabrairun 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta garin suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42, cikinsu har da ɗalibai 27. Ba a cika wata guda ba aka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari.

Amma a wannan gari na bakin daji ne aka haifi Alhaji Abubakar Imam a shekarar 1911, mutumin da da wuya a samu wani ɗan Arewa da ya kai shi tanadar wa malamin makaranta abin da zai shiga aji da shi.

An fi saninsa da marubuci da kuma ɗan jarida. Sai dai wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai ga cewa malamin aji ne tun asali, kuma yawancin littattafan da suka ɗaukaka sunansa an rubuta su ne don a koyar da yara.

Daga Kagara zuwa Katsina

A gidan malamai ya tashi. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, saboda haka da allo da tawada ya buɗe ido, ya samu Larabci tun kafin ya san boko. Wannan Larabci ya yi masa rana daga baya.

Yayansa, Malam Bello Kagara, yana koyarwa a Katsina, kuma a hannunsa Abubakar ya yi karatun boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Yana da kyau mai karatu ya san irin ajin da malamin wancan lokaci yake shiga. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Da Hausa ake koyarwa a makarantun elementare, amma Hausar boko ba ta da littattafan kirki. Malami yana da baƙin allo da alli, yara suna koyon haɗa baƙi da wasali, to amma in sun iya, me za su karanta?

Yaron da ya koyi karatu bai samu abin karantawa ba, kamar manomi ne da aka ba fartanya aka hana shi gona. Don toshe wannan giɓi ne aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933, tana aiki a Zariya ƙarƙashin wani jami'in ilimi Bature, Dokta Rupert East.

Gasar 1933

East ya lura cewa fassara kaɗai ba za ta wadatar ba. Sai ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai da kansu, aka sa gasa. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Biyu daga cikin biyar ɗin 'yan gida ɗaya ne suka rubuta su, wa da ƙane, 'ya'yan alƙalin Kagara.

Imam yana da shekara 22 kacal ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da ya bar gida neman wani ruwa mai magani, yana ta karo da abokin burminsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Akwai inuwar littattafan Larabci a cikinsa, musamman Maƙamatul Hariri, amma barkwancin da bakin maganar na Bahaushe ne tsantsa. East ya gane ya tsinci dami a kala.

Wata shida a Zariya

A 1936 aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya na tsawon wata shida. Aikin da aka ba shi a fili yake, wato ya rubuta littattafan koyon karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, ya karanta, ya zauna ya rubuta. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin yadda aka gina littafin shi ne ya nuna cewa mai shi ya san aji.

Da farko akwai babban labari da ya ɗaure sauran: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, waziri yana ƙulla makirci, wani aku kuma yana ta ba ɗan sarki Musa labarai don ya hana shi fita ya faɗa tarko. Kowane ƙaramin labari yana da farko da ƙarshe, malami zai iya gama shi da yara a zama ɗaya ko biyu. Amma babban labarin bai ƙare ba, saboda haka yaro zai kwana yana ɗokin gobe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara bayan an dawo tara, rana ta take, ya san darajar abin da zai sa su natsu.

Sannan da yawa daga kanun labaran karin magana ne. Malami ya samu darasi biyu ke nan a shafi ɗaya: ga karatu, ga fashin baƙin karin maganar da labarin kansa ya warware. Ga kuma kalmomin fada, na kasuwa, na shari'a da na fatake, kowanne a bakin mai shi.

Manazarta, irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi sawun labaran sun gano tushen da dama daga cikinsu a Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm da sauransu. Labarin Kalala da Kalalatu, alal misali, a Jamus labarin wata kuku ce da ta cinye kaji biyu da aka gasa don baƙo, sannan ta haɗa maigidan da baƙon gudu da tsere. A hannun Imam sai ta zama matar gida a ƙasar Hausa, har ba wanda zai ce ba a unguwarsu aka yi abin ba.

Wasu na ganin wannan aro a matsayin naƙasu. A ganina nan ne gwanintar take. Kayan waje aka kawo masa, bai miƙa wa yara su yadda suka zo ba. Sai da ya jiƙa, ya surfa, ya daka, ya tuƙa da muciyar gida.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, sannan shi da East suka haɗa Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu, tsirrai da dabbobi da sararin sama, cikin Hausar da yaron ƙauye zai fahimta. Sunan littafin kansa dabara ce. A lokacin da iyaye da yawa ke ɗari-ɗari da boko, an gabatar musu da kimiyya a matsayin duban ikon Mahalicci, ba abin da ya zo ya yi jayayya da addini ba.

A cikin waɗannan shekaru na 1930 ne kuma aka tsayar da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda East na cikin masu tsayawa a kansu. Littattafan Zariya ne suka zaunar da su a idon masu karatu. Mai karanta wannan a waya ya duba ya gani ko allon rubutun wayarsa yana da su. Har yau da yawanmu sai mun saukar da wata manhaja kafin mu bambance ƙafa da kafa.

Jarida ta zama allo

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma ya shafe sama da shekara goma a kan kujerar. Daga nan bai sake komawa aji a matsayin malami ba, sai dai ajin nasa ne ya faɗaɗa.

A garuruwa da ƙauyuka, malamin makaranta ko malamin hakimi shi ne mai karanta wa jama'a jaridar. Labarin Yaƙin Duniya na Biyu, bayanin kiwon lafiya, noma da wasiƙun masu karatu duk ta nan suke isa. Wanda ya bar makaranta a elementare ya samu abin da zai riƙa karantawa kada karatun ya zube.

Ba za a ɓoye cewa jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ba ce, kuma an kafa ta ne har da nufin jawo ra'ayin mutanen Arewa lokacin da yaƙi ke ƙaratowa. Imam ya yi aiki a cikin wannan iyaka, yana lallaɓa Turawa da sarakuna, yana kuma sako ƙorafin talakawa ta shafin wasiƙu. Masu zafin ra'ayi na ganin ya cika taka-tsantsan.

A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Da tawagar ta rubuta takardar neman a tsara hanyar mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, domin a ganinsa Arewa ba ta shirya ba, musamman ta fuskar ilimi. A wannan tafiya ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, daga baya kuma ya rubuta masa matsalolin yankin. Ko wannan tafiya bai bar ta ta tafi a banza ba, sai da ya mayar da ita littafi, Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da injinan ɗab'insa. A shekarun 1950 aka zo da hukumar NORLA da gangamin Yaƙi da Jahilci, aka buga ƙananan littattafai masu yawa don azuzuwan manya. A kan harsashin da su Imam suka aza aka ɗora duk wannan.

Ya taɓa siyasa. Yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna a majalisa a farkon shekarun 1950, sannan ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Alƙalaminsa kuma ya karkata ga littattafan addini, irin su Tarihin Annabi Kammalalle, waɗanda makarantun Islamiyya suka amfana da su.

Akwai inda aikin bai kai ba. Makarantun zamaninsa kaɗan ne, 'yan mata a cikinsu ba su taka kara sun karya ba, kuma ƙauyukan da ke cikin dazuka irin na Birnin Gwari da Kagara sun daɗe kafin littafi ya isa gare su yadda ya kamata.

Abin da ya rage a hannun malami

A yau in ana maganar kayan koyarwa na zamani, hankali kan tafi ga kwamfuta, babbar waya da intanet. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa har da na Hausa. A lokacin kullen korona na 2020 kuma ta rediyo da talabijin aka riƙa koyar da ɗaliban Jihar Kaduna.

Abubuwa ne masu amfani, amma malamin Birnin Gwari ya san iyakarsu. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an katse layukan waya a yankin saboda matsalar tsaro. Malamin da makarantarsa ta tsira daga rufewa a lokacin, abin da ya rage masa shi ne alli, bakinsa, da duk wani tsohon littafi da ke cikin akwati.

Tambayar da East da Imam suka fuskanta a 1936 ita ce dai ke gaban masu haɗa manhajojin yau. Injin ɗab'i shi ne fasahar wancan zamani, kuma Turawa ne suka kawo shi. Abin da ya sa ya yi aiki a aji shi ne an samu wanda ya taɓa riƙe alli, ya san harshen yaran da abin da ke ba su dariya, aka ɗauke masa sauran ayyuka na wata shida aka ce ya zauna ya cika injin da abin bugawa. Da yawan darussan da ake loda wa malamai a waya yanzu fassara ce daga Turanci, kuma tun daga jimlar farko ake jin ƙamshin fassarar.

Magana Jari Ce kuwa ta bi kowace sabuwar na'ura da ta zo. An karanta ta a rediyo, gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da ita wasan kwaikwayo a shekarun 1980 tare da marigayi Ƙasimu Yero, yanzu kuma ana sauraron ta a YouTube ana tura ta a WhatsApp. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya yi ta sake buga ta, kuma ɗaliban Hausa daga sakandare har jami'a suna nazarin ta.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa da kansa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace. Allah Ya jiƙansa da rahama.