Louis Pasteur: Ɗan majemin da ya tabbatar cewa yis na da rai

A Kuchigoro, kan hanyar filin jirgin saman Abuja, masu gidajen burodi da mata masu suyar fanke kan kwaɓa fulawa su barbaɗa yis, su rufe kwaɓin su bar shi ya tashi. Ba kowa ke tunanin cewa wannan gari mai ruwan ƙasa halitta ce mai ci da hayayyafa ba. Mutumin da ya fi kowa wahala wajen tabbatar da haka shi ne Louis Pasteur, masanin kimiyya na Faransa.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole da ke gabashin Faransa, ya girma a Arbois. Mahaifinsa majemi ne, tsohon sojan Napoleon. A ƙuruciyarsa zane ya fi jan hankalinsa, amma ya samu shiga babbar makarantar horar da malamai ta Paris a 1843, inda ya ƙware a kimiyyar sinadarai. Bai taɓa zama likita ba, kuma likitocin zamaninsa sun sha goranta masa hakan.

A 1854 aka naɗa shi shugaban tsangayar kimiyya a Lille, gari mai masana'antu. Bayan shekara biyu wani mai masana'anta da ake kira Bigo, wanda ke sarrafa barasa daga ruwan wani saiwa mai zaƙi da ake yin sukari da shi, ya kawo masa kuka: wasu tukwanensa na yin tsami suna lalacewa, dukiya na zubewa, ba a san dalili ba. Pasteur ya ɗebi ruwan ya duba a madubin ƙara girman abubuwa. A tukwane masu kyau ya ga ƙwayoyin yis, kewayayyu, suna tsirar da 'ya'ya a jikinsu. A waɗanda suka lalace kuwa ya tarar da wasu halittu da suka fi su ƙanƙanta, dogaye kamar sanduna, su ne ke haifar da irin tsamin da ke cikin nono.

Ba shi ne ya fara cewa yis na da rai ba. Tun wajen 1837 Cagniard de Latour a Faransa da Theodor Schwann a Jamus suka faɗi haka. Sai dai babban masanin sinadarai na lokacin, Justus von Liebig, ya ce ruɓewa ce kawai ke juya sukari, kuma maganarsa ce ke da nauyi. Abin da Pasteur ya ƙara shi ne hujjar da ke da wuyar musu. Ya haɗa ruwa da sukari da gishirin ammoniya da ɗan toka, babu wani abu mai ruɓewa a ciki, ya saka yis kaɗan. Yis ɗin ya yaɗu, nauyinsa ya ƙaru, sukari ya ragu, barasa da iska suka fito. Wannan iskar ce ke kumbura kwaɓin burodi, barasar kuma ta ƙone a tanda. Ya wallafa bincikensa kan tsamin nono a 1857, na yis kuma a 1860.

Daga nan ya gano cewa ɗumama ruwan inabi zuwa ma'aunin zafi tsakanin 50 da 60 na kashe halittun da ke lalata shi ba tare da an tafasa shi ba. Ya yi rajistar dabarar a 1865. Daga baya aka ɗora ta kan madara, kuma har yau sunansa take ɗauke da shi.

Tambayar da ta biyo baya ita ce mai girma: idan ƙananan halittu na lalata tukunya, shin ba za su lalata jikin mutum ba? Gidansa ma bai tsira ba, domin uku daga cikin 'ya'yansa biyar sun mutu suna ƙanana, biyu da zazzaɓin taifot. A 1868 ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu yana da shekara 45, ya ci gaba da aiki a haka. Likitan tiyata na Birtaniya, Joseph Lister, ya karanta aikinsa ya fara tsabtace raunuka da sinadari, mutuwa bayan tiyata ta ragu. A 1881 Pasteur ya gwada rigakafin cutar saifa kan tumaki a bainar jama'a, a Yulin 1885 kuma aka yi wa Joseph Meister, yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, allurar da ya haɗa. Yaron ya rayu.

Mutum ne mai zafin jayayya, ba ya son raba yabo. Littattafan ajiyarsa da aka buɗe shekaru da yawa bayan mutuwarsa sun nuna cewa a gwajin tumakin ya yi amfani da wata dabara dabam da wadda ya bari jama'a suka ɗauka. A kan yis ma bai cika daidai ba: ya tsaya kan cewa sai da ƙwaya mai rai sukari ke juyewa, amma a 1897 Bajamushe Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace ruwansa, ruwan kaɗai ya yi aikin. Ashe Liebig na da rabin gaskiya. Pasteur bai ga wannan ba, domin ya mutu ranar 28 ga Satumba, 1895, kusa da Paris, aka ajiye gawarsa a cibiyar binciken da ke ɗauke da sunansa, wadda aka buɗe a 1888.

Hanyoyin da ya shimfiɗa na noman ƙwayoyin halitta a kwalba su ne aka bi wajen nazarin dangin yis masu cutarwa. Akwai Candida, mai haddasa fari-farin da ke fitowa a harshen jarirai da ƙaiƙayin gaba ga mata, da Cryptococcus, da aka gano a 1894, mai jawo sanƙarau ga waɗanda garkuwar jikinsu ta karye. Shi kuwa yis ɗin burodi, tun 1986 ake sarrafa shi wajen haɗa rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ke cikin alluran da ake yi wa jarirai a asibitocin Nijeriya.