James B. Lansing: Makanikin da ya gyara muryar sinima, ya mutu da bashi a wuyansa

Haruffan JBL ba baƙi ba ne ga masu hayar kayan sauti a gidajen biki da filayen wa'azi, ko matasan da ke yawo da 'yar ƙaramar lasifika a aljihu. Sai dai ba kowa ya san cewa sunan mutum ne aka taƙaita ba. Shi ne James Bullough Lansing, Ba'amurken da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman yadda siririn sauti zai fita tangaram, ya isa kunnen na kujerar baya kamar yadda ya isa na gaba.

Lansing bai yi jami'a ba. Duk da haka kamfanoni biyu da suka shafe shekaru suna gogayya da juna, Altec Lansing da JBL, sunansa suke ɗauke da shi. Shi kuwa ya mutu yana da shekara 47, bai tara abin duniya daga ko ɗayansu ba.

Tasowarsa

An haife shi a watan Janairun 1902 a gundumar Macoupin ta jihar Illinois. Sunansa na yanka James Martini, kuma shi ne na tara cikin 'ya'ya 14 na wani injiniyan haƙar kwal. Ya zauna na wani lokaci a hannun iyalan Bullough a garin Litchfield, inda ya samo sunansa na tsakiya. Daga baya ya ajiye Martini ya ɗauki Lansing.

Tun yana yaro hannunsa ba ya rabuwa da wayoyi. Yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka ya haɗa na'urar aika saƙon rediyo mai ƙarfin da har sojojin ruwan Amurka suka kama ta a tasharsu, suka sa aka kwance ta. Da ya girma sai ya zama makanikin mota, ya ƙware a aikin injin da ke buƙatar awo na ƙwaƙƙwafi. Wannan horo na gareji shi ne jarin da ya ci gajiyarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1924 ya koma birnin Salt Lake City. A can ya haɗu da Glenna Peterson wadda ya aura, da Ken Decker wanda ya zama abokin kasuwancinsa. A 1927 suka tare a Los Angeles suka buɗe kamfanin Lansing Manufacturing, suna ƙera ƙananan lasifikoki masu faɗin inci 6 da inci 8 ga masu haɗa akwatin rediyo. Decker na riƙe da littafin kuɗi, Lansing na riƙe da injin.

Matsalar da sinima ta zo da ita

A shekarar da suka isa Los Angeles ne fim ɗin The Jazz Singer ya fito, fina-finai masu magana suka fara ture na bebaye. Nan take gidajen sinima suka shiga neman abin da zai cika babban zaure da murya, alhali amfilifaya na wancan zamani ƙarfinta bai taka kara ya karya ba.

Wahalar ta fi yawa a siririn sauti, inda haruffa irin su “s” da “sh” da “ts” suke zaune. Idan suka ɓace, za a ji ana magana amma ba a gane abin da ake faɗa. Sauti mai kauri da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kai mita 3.4, don haka yana bazuwa ko'ina cikin ɗaki. Wanda ke kaɗawa sau 10,000 kuwa, zangonsa santimita 3.4 ne kacal. Babbar lasifika ta yi nauyin da ba za ta iya irin wannan saurin ba, ɗan abin da ta fitar kuma yakan tafi miƙe kamar hasken tocila, na gefe bai samu ba.

Maganin shi ne a raba aiki. Babbar lasifika ta ɗauki kaurin sauti, siririn kuma a ba wa tuwita. Ita tuwitar sinima ɗan kwanon alminiyom ne mara nauyi, da ke matse iska ta wani ƙuntataccen maƙogwaro zuwa cikin ƙaho mai buɗewa sannu a hankali. Ƙahon yana aiki biyu: yana ninka ƙarfin sautin da wuta kaɗan, yana kuma nuna masa inda zai dosa. Dabarar ce dai ke cikin ƙahonin da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci.

Kamfanin Western Electric ne ke riƙe da kasuwar a lokacin, amma Douglas Shearer, shugaban sashen sauti na kamfanin fim na MGM, bai gamsu da kayansu ba. Wani injiniyansa, John Hilliard, ya lura cewa idan aka kunna rawar Eleanor Powell mai buga takalmi, kowane taku sau biyu ake jin sa. Dalili shi ne sautin da ya bi ta cikin dogon ƙaho yana isowa a makare, bayan wanda ya fito daga sauran lasifikokin.

MGM ta haɗa tawaga don ƙera sabon tsari, aka ba Lansing aikin ƙera lasifikokin da za su shiga ciki: babba mai inci 15 da kuma tuwitar da za a ɗaura wa ƙaho mai ramuka da yawa kamar saƙar zuma, kowane rami na kallon wani ɓangare na zauren. Tsarin da aka sani da Ƙahon Shearer ya samu lambar yabo ta fasaha daga hukumar Oscar ta shekarar 1936, ya kuma zama abin koyi a gidajen sinima.

Inda gwanintarsa take

Ba Lansing ne ya ƙirƙiro tuwita mai ƙaho ba. Injiniyoyin Bell Labs, Edward Wente da Albert Thuras, sun riga shi. Abin da ya bambanta shi shi ne iya ƙera ta da yawa, kowace daidai da 'yar'uwarta.

Aikin ba ya son kuskuren ko da gashi ɗaya. Sautin da ya tashi daga tsakiyar kwanon da wanda ya tashi daga gefensa ba tafiya ɗaya suke yi kafin su kai maƙogwaro ba. Idan bambancin ya kai rabin zango, wato ƙasa da santimita biyu a sauti mai kaɗawa 10,000, sai su kashe juna. Shi ya sa ake sanya wata toshiya mai tsagogi a gaban kwanon, tazararsu ba ta kai milimita ɗaya ba, domin ta daidaita tsawon hanyoyin. Da Western Electric ta ce tsagogi masu zagaye haƙƙin mallakarta ne, sai Dokta John Blackburn, masanin kimiyyar da ke aiki tare da Lansing, ya fito da toshiya mai tsagogin da suka tashi daga tsakiya zuwa gefe.

Lansing ya kuma gano hanyar naɗa kwayil da waya mai faɗi kamar zirin ƙyalle, a tsaye kan gefenta, ta yadda waya mai yawa za ta shiga siririn ramin maganaɗisu. Haka nan ya ƙware wajen matse faifan alminiyom ya zama kwano ba tare da ya yage ba.

A 1937 ya fitar da Iconic, ƙaramin akwati mai lasifika inci 15 da ƙaho a samansa. Ɗakunan ɗaukar sauti suka rungume shi don sauraron aikinsu kafin ya fita kasuwa.

Yadda sunansa ya kuɓuce masa

A 1939 Ken Decker, wanda hafsan ko-ta-kwana ne a rundunar sojin sama, ya mutu a haɗarin jirgi. Mai riƙe da lissafi ya tafi, kuma ba a jima ba kamfanin ya fara tangal-tangal. A watan Disambar 1941 kamfanin Altec Service, na tsofaffin ma'aikatan da ke kula da kayan sautin Western Electric a sinimomi, ya saye shi kan dala 50,000. Sabon kamfanin ya zama Altec Lansing, shi kuma aka naɗa shi mataimakin shugaba mai kula da injiniyanci bisa yarjejeniyar shekara biyar.

Waɗannan shekaru, da ba shi da ciwon kan biyan albashi, su ne mafi albarka a aikinsa. A cikinsu aka fitar da samfurin 604, inda aka dasa ƙaramin ƙaho a tsakiyar babbar lasifika, siririn sauti ya ratso ta cikin maganaɗisu, duka sautukan biyu suka fito daga wuri guda. Tare da Hilliard kuma suka samar da jerin Voice of the Theatre, wanda ya mamaye sinimomin Amurka shekaru da dama.

Da wa'adin ya cika a 1946 sai ya fita ya kafa Lansing Sound. Altec ta ƙi amincewa, ta ce sunan Lansing ya zama hajarta. Dole ya koma amfani da cikakken sunansa, James B. Lansing Sound, wanda daga baya aka taƙaita zuwa JBL.

A sabon kamfanin ya ƙera D130, lasifika mai inci 15 da kwayil inci 4, da tuwitar D175 mai maƙogwaro inci ɗaya. Kayan sun yi kyau, amma kuɗi ba su shigo ba. Kamfanin jiragen sama na Marquardt ya ba shi wurin aiki da jari a madadin hannun jari, sai dai da aka sayar da Marquardt ɗin a 1949, tallafin ya yanke. Bashi ya taru har kusan dala 20,000, ga damuwar da ta daɗe tana damunsa. A watan Satumban 1949 ya kashe kansa a gonarsa da ke San Marcos, jihar Kalifoniya.

Inshorar rai ta dala 10,000 da ya bari ce ta taimaka wa William Thomas, tsohon ma'ajin Marquardt, ya riƙe kamfanin har ya tsaya da ƙafarsa. A 1969 JBL ya koma hannun Sidney Harman, a 2017 kuma Samsung ta saye rukunin Harman gaba ɗaya.

Abin da masu haɗa lasifika suka gada

Masu haɗa lasifika a gida a yau sukan sayi tuwita daban, su sayi mazurarin sauti daban. Mazurarin jikan ƙahon sinima ne, sai dai ya fi shi gajarta da faɗin baki, kuma babban aikinsa shi ne daidaita yadda sauti ke bazuwa, ba ƙara masa ƙarfi ba.

Ƙa'idojin da Lansing ya yi fama da su ba su canza ba. Dole bakin tuwita ya yi daidai da maƙogwaron mazurari, ko inci 1 ne ko 1.4 ko 2. Ɗan tudu ko rata a mahaɗar kan mayar da wani sashe na sautin baya, ya fito da kaushi, don haka ake sa gasket a toshe duk wata kafa. Dole kuma a lura da zurfin da mazurarin ya tura tuwita baya, domin sautinta ya iso tare da na babbar lasifika, kada a maimaita takun Eleanor Powell. Sannan a zaɓi wurin raba aiki a inda faɗin bazuwar su biyun ya yi kusa da juna.

Duk wanda ya taɓa zama da abin goge ƙarfe yana daidaita wannan mahaɗa, aikin da makanikin Illinois ya fi ƙwarewa a kai yake yi. Har yanzu ana neman D130 da 604 na asali a kasuwar tsofaffin kayan sauti, fiye da shekara 70 bayan mutuwarsa.