Tarihin marigayi Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina

A ranar 18 ga watan Yunin 1999 ne Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan ya shafe fiye da shekaru hamsin yana waƙa da kalangu.

Ya fara wannan sana'a ne a zamanin da ake ɗaukar mawaƙi a matsayin maroƙi kawai. Kafin ya bar duniya, sai da jami'a ta ba shi digirin girmamawa saboda ita.

Tasowarsa

An haifi Muhammadu Shata a shekarar 1923 a garin Musawa, wanda yanzu yake cikin jihar Katsina. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma gidansu bai gaji kiɗa ko waƙa ba.

A ƙasar Hausa ta wancan lokaci sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan makaɗi ya yi kiɗa. Don haka mahaifinsa bai amince ɗansa ya shiga waƙa ba, domin yana ganin roƙo ne, kuma zubar da mutuncin gida ne.

Shata ya yi karatun allo kamar sauran yara, sannan ya taɓa sana'ar sayar da goro da alewa. Amma a dandali, wurin wasan samari da 'yan mata, aka fara sanin muryarsa. A farko ba don kuɗi yake waƙar ba.

Daga Bakori zuwa Kano

Bayan ya bar Musawa, ya zauna a Bakori, inda ya samu ubangida, Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can.

Wannan zama ya yi tasiri sosai a rayuwarsa. Yankin da ya tashi daga Funtua zuwa Bakori da Malumfashi da Dayi ƙasar noma ce, inda auduga da gyaɗa suke kawo kuɗi da kaka. Akwai injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, kuma layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtua.

Saboda haka manoma da 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci suna da abin da za su ba mawaƙi, ba sai ya jingina da fada ba.

A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Shata ya yi wasa a wani babban bikin aure da aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki. Daga nan ne sunansa ya bazu. Daga bisani ya koma Kano da zama, kafin ya tare a Funtua, garin da ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Kalangu da 'yan amshi

Manyan mawaƙan zamaninsa, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Mamman Sarkin Taushin Katsina, sun yi suna ne da kiɗan fada, da kotso ko taushi. Shi kuwa Shata kalangu ya riƙa, kiɗan da bisa al'ada aka san shi da mahauta da kuma dandalin 'yan mata.

Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu da fata a baki biyu. Makaɗi yana rataya ta a hamata, yana matsa tsirkiyar da ta haɗa fatun biyu ko ya sassauta, sai amon ya hau ko ya sauka tamkar maganar mutum.

A kan wannan kiɗa Shata yake ɗora waƙarsa. Ba ya rubuta ta, kuma an san shi da ƙirƙirar baitoci nan take a filin wasa. Aikin 'yan amshi shi ne maimaita gindin waƙa, shi kuma ya yi ta jero ɗiya, yana shigar da sunayen mutane da garuruwa da labarin abin da ya faru.

Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuskoki daban-daban, kamar yadda aka ji a Bakandamiya, waƙar da ya wasa kansa a cikinta.

Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya yi wa attajirai da direbobi da manoma da mata. Ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, ya kuma yi waƙar kumbon Apollo 11 da Amurka ta aika duniyar wata a 1969.

Gidan Rediyon Kaduna da faya-fayan garmaho, daga baya kuma kaset, su suka kai muryarsa Nijar da Ghana da Kamaru da sauran wuraren da Hausawa suke zaune.

Yabo da suka

Ba kowa ne ya yi na'am da shi ba. Wasu malaman addini sun soki waƙoƙin da ya yi wa mashaya, yayin da wasu mutane suke tsoron kaifin zambonsa. Masoyansa kuwa sukan yi nuni da waƙoƙinsa na yabon Annabi Muhammadu (SAW) da na gargaɗi.

Ya taɓa siyasa ma. Ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, kuma a Jamhuriya ta Uku ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtua.

Masana ilimi sun fara nazarin waƙoƙinsa tun yana raye. A shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, har aka kai shi asibiti a Jidda, ƙasar Saudiyya, kafin a dawo da shi Kano inda ya cika. An yi jana'izarsa a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, kuma a can aka binne shi.

A shekarar 2006 Ibrahim Sheme da wasu marubuta uku suka wallafa tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Yawancin waƙoƙinsa kuwa sun tsira ne ta hanyar abin da gidajen rediyo da masu sha'awa suka naɗa a kaset, domin shi kansa bai bar su a rubuce ba.