Nana Asma'u da 'Yan Taru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, an haife ta a Ɗagel a 1793. 'Yan biyu ne, ita da Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana kimanin shekara 11 jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, wato dai cikin yaƙi ta tashi. Ta hardace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yawanci idan ana karanta mana tarihin jihadi, a kan nasara ake tsayawa. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808, shi ke nan. To amma mutanen da aka ci da yaƙi fa? Suna nan. Gobirawa suka ci gaba da tawaye har yaƙin Gawakuke a 1836, kuma bayan kowane karo mata da yara ake kwasowa, ga zawarawa, ga marayu, da yawansu ba abin da suka sani sai bori. Ko a gabas, Shehu Laminu na Kanem da Borno bai yarda da jihadin ba, sai da suka yi ta musayar wasiƙu da Bello. Mu 'yan N'Djamena da muke jin labarin yaƙin Fabrairun 1979 a bakin tsofaffinmu, yadda maƙwabci ya guje wa maƙwabci, mun san wannan zaman ba sauƙi gare shi ba.

Ana cikin wannan hali ne Asma'u ta kafa 'Yan Taru. Matar aure mai goyo ba za ta bar ƙauye ta zo Sakkwato karatu ba, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, kowace ta zama jaji, kamar jajin ayarin fatake. Jaji ta taho da ƙasa, da 'yan mata da tsofaffi a bayanta, su zauna gaban Asma'u su hardace waƙoƙinta, su koma su biya wa na gida. Waƙoƙin su ne littattafan: akwai ta sunayen surorin Alƙur'ani, akwai ta waliyyai mata, ga Waƙar Gewaye mai ba da tarihin jama'ar Shehu.

Abin da ya fi burge ni shi ne malfa. A Gobir, Inna ita ce shugabar 'yan bori, 'yar gidan sarauta, kuma malfa tana cikin alamunta. Asma'u ta ɗauki malfar nan, ta naɗa mata jan rawani, ta ɗora a kan jaji. Kun ga matar ƙauye tana hango ta, ta san uwa ce ta zo, ba baƙuwar da za ta raina ta ba. Wani mai zafin kai zai ce ai kayan bori ne, a ƙone. Ita kuwa ta san matan nan ba boka kawai suke nema wurin Inna ba, suna neman wanda zai ji kukansu ranar ciwo da haihuwa da rashi. Shi ya sa ta tattara addu'o'i da magani na sunna a littafinta Tabshirul Ikhwan, don kar a raba su da abu a bar su hannu wofi.

Matan ba sa zuwa hannu sake. Sukan riƙo sadaka, hatsi ko zuma ko zane, gwargwadon hali, ita kuma ta raba wa makafi da guragu da sauran mabukata. In sun koma gida, su ne masu jinyar marar lafiya da wankan gawar mace da sasanta rigima. Wallahi ba wata babbar dukiya a ciki, mudun wannan ne da ƙwaryar waccan.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, Allah ya jiƙanta da rahama. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, mulkin da su Bello suka gina ya koma hannunsu, amma jajoji ba su daina zuwa da sadakarsu ba, har bayan tafiyar Turawan.